Godiyar Mutanen Zugu Ga Masu Yaƙi Da Fataucin Ɗan Adam

Butulci ba halin Bazamfare ba ne, saboda haka ya dace wani daga cikinmu ya miƙe ya yi wa duniya godiya a madadin mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum. Fiye da shekara ashirin ke nan manyan ƙasashe da ƙanana suna hana idonsu barci saboda mu. An zauna a Palermo, an zauna a Dakar, an zauna a Wagadugu, na Abuja kuwa ba ya lissafuwa, duk don kada a ƙara kama ɗan Adam a sayar ko a bautar da shi. Mu ko sannu da aiki ba mu aika ba. Uzurinmu dai shi ne a 'yan shekarun nan wasunmu na ɗaure a daji, sauran kuma suna bin dangi da kasuwanni suna haɗa kuɗin fansa. A yi mana afuwa.

A fara da uwar dokokin. A watan Nuwamba na 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana fataucin mutane, a Disamba aka buɗe ta don sa hannu a birnin Palermo na Italiya. Nijeriya ba ta yi nawa ba. Ta sa hannu a wannan watan, ta tabbatar da ita a Yuni na 2001, tun kafin yarjejeniyar kanta ta fara aiki a ƙarshen 2003. Duk wanda aka karanta wa bayanin da malaman Palermo suka yi wa laifin zai rantse sun taɓa kwana a dajin Gando. Sun ce abu uku ke haɗuwa: a ɗauki mutum, ko a yi jigilarsa, ko a ɓoye shi, ko a karɓe shi daga hannun wani, a yi haka da ƙarfi ko barazana ko sata ko yaudara, sannan manufar ta zama ci da guminsa, ko ta aikin tilas, ko bauta, ko lalata, ko cire masa sassan jiki. In yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ko sharaɗi na biyu ba a bukata. Bayanin kuma bai ce sai an tsallaka iyakar ƙasa ba. To, manomin da aka tare a gonarsa a bayan Bagega, aka kora shi da bakin bindiga zuwa daba, aka miƙa masa fartanya ya yi wa kachalla noma har kaka, ya cika sharuɗɗan nan uku cif. Ya kamata a kai masa wannan albishir. Ba ƙaramin gata ba ne talaka ya san halin da yake ciki an rubuta shi da harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya.

A gida ma ba a bar mu a baya ba. Da ƙoƙarin Hajiya Titi Atiku Abubakar da gidauniyarta, a 2003 aka yi dokar da ta haifi hukumar NAPTIP, Shugaba Obasanjo ya sa hannu. A 2005 aka yi mata gyara. A 2015 aka soke ta aka yi sabuwa wadda ta fi ta haƙora, Shugaba Jonathan ya sa hannu yana gab da barin mulki. Sabuwar ta ce mai sa mutum aikin tilas zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, da tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba. Mai cinikin bayi shekara 7 ne mafi ƙaranci. Tun kafin wannan ma, sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. Ina iya hango yadda gaban kachallolin dajin Sunke ya faɗi da suka ji maganar tarar miliyan ɗaya, su da ke aza wa ƙauye guda harajin miliyoyi kafin a bar shi ya yi shuka, su sake aza wani kafin a bar shi ya yi girbi, ban da babura da man fetur da katin waya da ake haɗawa a kan kuɗin fansa. An kuma sauƙaƙa mana wajen kai ƙara. Akwai ofishin shiyya a Sakkwato mai kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Abin da ya rage wa wanda ke ɗaure a daji shi ne ya kwance kansa, ya fito titi, ya samu motar Daki Takwas, ya yi addu'a kada a sake tare su a hanya. In tafiyar ta yi masa nisa, akwai lambar kiran gaggawa. Gaskiya ne a Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar baki ɗaya, kuma har gobe akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis, amma ai waɗanda ke tsare da shi ba su taɓa rasa yadda za su kira danginsa ba. Sai ya roƙi aron wayarsu.

Jiharmu kuwa ta fi kowace jiha iya doka. Mu ne muka fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairu na 2000, kuma kafin ƙarshen Maris an yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya. Cikin wata biyu saniya ta samu adalci. Shekara 21 bayan haka, ranar 26 ga Fabrairu, 2021, a wannan garin na Jangebe aka shiga makarantar 'yan mata da dare aka kwashe ɗalibai. Bayan kwana huɗu aka dawo da 279, aka jera su a gidan gwamnati a Gusau, aka yi musu hoto da sababbin hijabai, gwamna ya yi godiya ga tubabbun 'yan bindiga da suka taimaka. Kowa ya ga ci gaba: da ana yanke wa ɓarawon saniya hannu, yanzu ana neman alfarmar abokan ɓarawon mutum. Kada kuma wani ya ce rashin masana shari'a ne. Sarkin Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, babban alƙalin babbar kotun Abuja ne kafin ya hau gadon sarauta. Da sanin doka na hana a saci mutum, da babu inda ya kai ƙasar Zugu barci da ƙofa a buɗe.

Sai kuma Amurka, Allah ya saka mata. Tun 2001 kowace shekara ma'aikatar harkokin wajenta take zaunar da ƙasashen duniya ta raba musu sakamakon jarrabawa a kan yaƙi da fataucin mutane: aji na ɗaya, aji na biyu, aji na biyu da ake sa wa ido, aji na uku. A 2009 da 2010 da 2011 Nijeriya tana aji na ɗaya, kafaɗa da kafaɗa da Ingila da Jamus. Mutanen Anka da Bukkuyum ba za su manta da 2010 ba, ko da yake ba don wannan lambar girma ba. A shekarar ce likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙauyuka, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinari da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, yara na taya aiki, jarirai na rarrafe cikin ƙurar. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya Bagega. Yara aƙalla 400 suka mutu. Bagega sai 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan matasa sun yi ta kururuwa a intanet kafin a saki kuɗin. Amma adalci shi ne a wanke masu raba sakamako daga zargi. Yaran nan ba a kai su ko'ina ba, a gaban iyayensu suka mutu, don haka ba su ɓata wa ƙasa maki ba. Da gwamnati ta ga haƙar zinari na ciyar da ta'addanci, sai ta haramta ta a Afrilu na 2019, haramcin ya kai har Disamba na 2024. Dabara ce mai kyau. Duk mai tsoron hukuma ya bar ramuka, suka zama na marasa tsoronta irin su Halilu Sububu, wanda ya daɗe yana cin moriyar zinarin yankin Anka kafin sojoji su kashe shi a Satumba na 2024. Wanda ke haƙa a ƙarƙashin bindiga kuwa babu mai cewa an tilasta shi, tunda a lokacin haramcin, a takarda ba a haƙa komai a Zamfara.

Wanda ke son ya ga doka tana aiki ba dare ba rana, ya dubi 2022. Shekara ce mai albarka. Ranar 5 ga Janairu ofishin ministan shari'a Abubakar Malami ya fitar da takardar gwamnati mai ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, bisa hukuncin da wata babbar kotun tarayya ta yanke a Nuwamban da ya gabata. A daidai waɗannan kwanaki, daga 4 zuwa 6 ga watan, mahara a kan babura suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Kurfar Danya, suna kisa suna ƙone gidaje da rumbuna. Mutanen gari suka ce gawa ta kai 200, gwamnatin jiha ta ce 58 ce. Ko wanne ne daidai, waɗanda suka mutu daga ranar 5 sun tafi da darajar cewa 'yan ta'adda ne suka kashe su a hukumance. A Afrilu Majalisar Dattawa ta waiwayo kanmu. Ta yi nazari mai zurfi a kan cinikin mutane da ake yi a dazuzzuka, ta gano cewa ciniki ba ya yiwuwa sai da mai saye, sai ta amince da gyaran doka mai tanadin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Wannan basira ce da ba kowa Allah ke ba ba. Mai sayarwa yana daji da bindiga, kama shi wahala ne. Mai saye kuwa tsoho ne da ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa don ya karɓo 'yarsa, an san gidansa, ba ya gudu. A Yuni Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar kisa ga 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. A Agusta ya sa hannu a dokar kare yara.

Ranar Juma'a 2 ga Satumba, wato bayan duk wannan ƙoƙari, wasu mutane suka shigo garin Zugu da bindigogi a ɓoye cikin riguna, suka shiga masallacin Juma'a kamar kowane mai jiran huɗuba, sannan suka fito da makamai suka kora gomman mutane zuwa daji. Mako uku bayan haka aka afka wa masallacin Ruwan Jema, nan ma a Bukkuyum, aka kashe masallata. A ƙarshen shekarar NAPTIP ta ba da sanarwar cewa ta samu nasarar ɗaure mutum 80, adadi mafi yawa da ta taɓa samu a shekara guda tun kafa ta. Madalla da wannan. Ba na raina ta, domin kowane ɗaya daga cikin tamanin ɗin nan akwai yarinya ko yaro da ya cuta, kuma jami'an da suka bi shari'un nan da ɗan abin da ake ba su sun cancanci a ce musu sannu ba da gatse ba. Sai dai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, abin da kachalla guda ke kwashewa tsakanin sallar asuba da hantsi ya kan kai wannan adadi, shi kuma ba ya kiran taron 'yan jarida.

A nan ne hikimar tsarin ta fi burge ni, wato rabon aiki. In aka yaudari yarinya aka ce za a kai ta aikin gyaran gashi a Italiya, wannan fatauci ne, akwai hukumarsa da kasafinsa da masu ba da tallafi daga Turai. In aka ɗauke ta daga ɗakin uwarta a Gwashi da tsakar dare, aka kai ta daba tana dafa abinci tana ɗebo ruwa, ana yi mata abin da baki ba ya iya faɗa, in kuɗin fansa ya yi jinkiri a miƙa ta ga wata daba a karɓi babur ko harsashi, wannan matsalar tsaro ce, sai a tuntuɓi sojoji. Sojoji kuma aikinsu fatattaka ne, ba su da fom ɗin da ake cikewa na wanda aka bautar. Ta haka kowane ofis ya tsira da tsabtar littafinsa. Ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, maƙwabtanmu na Kebbi, an sace su ranar 17 ga Yuni, 2021. Goma sha ɗaya daga cikin 'yan matan sun daɗe a hannun Dogo Gide, wasu har kusan shekara biyu, wasu suka dawo da goyo a baya, bayan iyayensu sun yi ta bara a kafafen yaɗa labarai suna tara kuɗi. An ɗauke su da ƙarfi, an tsare su, an aurar da su dole, yawancinsu ba su kai 18 ba. Malaman Palermo ba su bar ko ɗaya daga wannan ba a rubutunsu. Amma da yake daji ne aka kai su, ba a ɗora wa masu yaƙi da fatauci nauyinsu ba, aka bar su su ci gaba da muhimmin aikin wayar da kai.

Kada a ɗauka Turawa ba su da tausayi. Suna da shi, sai dai tausayin nasu na da ma'auni, kuma ma'aunin shi ne nisanka da teku. A 2016 kaɗai mata 'yan Nijeriya fiye da 11,000 suka sauka a gaɓar Italiya ta jiragen ruwa, hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ce kusan kashi 80 cikin ɗari na cikin haɗarin a jefa su karuwanci. Nan take jihar Edo ta zama abar kulawa: kwamiti na musamman, dokar jiha, ofisoshin ƙungiyoyi, har Oba na Benin ya tara bokaye a Maris na 2018 ya warware rantsuwar da ake sa 'yan matan su yi. Tun a Nuwamba na 2015 shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Valletta ta ƙasar Malta, aka buɗe asusun da ya fara da kusan yuro biliyan biyu ya ƙare a wajen biliyan biyar. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a Mayu na 2015, daga 2016 aka fara kama direbobin Agadas ana ƙwace motocinsu. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai a idon mai kallo daga Brussels: ayarin da ke fita daga Agadas duk Litinin a bainar jama'a ya ɓace. Direbobi suka koma bin hanyoyin da babu rijiya babu shingen soja, kuɗin mota ya ninka, wanda mota ta lalace da shi kuma Sahara ta rufa wa kowa asiri.

Kafin duk wannan, a Oktoba na 2013, an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, 52 daga ciki yara, 33 mata. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance na jihar Damagaram, ana kai su Aljeriya bara. Ƙishirwa ta kashe su. Da yake Tamanrasat suka nufa, ba a buɗe wani asusu saboda su ba. Da tashar CNN ta nuna ana gwanjon mutane a Libiya a Nuwamba na 2017, ana sallama ƙato a dala 400, duniya ta girgiza, aka tura jirage aka kwaso 'yan Nijeriya dubbai. Mu ma a nan ana sa wa mutum farashi kullum, ana tayawa ana ragewa ta waya, har a ce a kawo rabi a saki mace a riƙe miji. Laifinmu ne da ba mu tanadi mai ɗaukar hoto ba. Shekara da shekaru shirin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya Borno da Adamawa da Yobe kawai ya sani, MSF da ke jinyar yara masu tamowa a babban asibitin Anka ta yi ta ƙorafi a kan haka. Ni ban ga abin ƙorafi ba. Mutumin Bukkuyum in ya gudu iyakarsa Gummi ko Gusau ko Sakkwato, in ya yi nisa ya kai Maradi. Bai taɓa damun kowa a Lampedusa ba, to don me za a dame shi da agaji? A Nuwamba na 2023 sojojin Janar Tiani suka soke dokar Nijar ta 2015, motoci suka koma fita Agadas da rana tsaka, aka koma inda aka faro bayan an kashe kuɗin.

Akwai ranar da dokar ƙasa da ƙasa ta yi abin kirki a ƙasar Hausa, kuma ba zan ɓoye ba. Hadijatou Mani an sayar da ita tana shekara 12, a 1996, a kan sefa 240,000, ta zama wahaya a gidan wani mutum a yankin Birnin Ƙonni, tsallaken Illela. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ECOWAS da ta zauna a Yamai ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Baiwa ta kai ƙasa ƙara ta yi nasara. Don kada irin wannan abin kunya ya sake faruwa, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu na 2025.

Mu dawo ga abin da ya fi ƙawatarwa, wato 30 ga Yuli, ranar yaƙi da fataucin mutane ta duniya, wadda ake yi tun 2014. Rana ce da ake ciro dokar daga ƙasan adaka kamar rigar Sallah, a kaɗe ta, a sa, a yi hoto, da yamma a ninke a mayar. Ana buga riguna da huluna masu hoton shuɗiyar zuciya, a yi tattaki daga wannan shataletale zuwa wancan, a ƙare a zauren otal da taron masu ruwa da tsaki, da shayi da alawus da takardar bayan taro. Hajiya za ta gabatar da muƙala mai sa hawaye a kan 'yan matan da ake kaiwa Libiya. Ta samu damar zuwa da wuri ne saboda a gida akwai 'yar aikatau mai shekara 10 da ta tashi tun asuba ta yi shara da wanke-wanke ta shirya yara makaranta. Dillaliya ce ta kawo ta daga cikin 'yan gudun hijira, irin waɗanda suka yi shekaru suna kwana a filin sabuwar fadar Sarkin Zamfaran Anka da ba a gama ginawa ba, kuma dillaliyar ce ke zuwa karɓar albashin duk wata, ta cire nata, ta aika wa uwar abin da ya saura in ya saura. Dokarmu ta 2015 ta ce ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3. Amma wannan ai taimako ne, marainiya ce aka rufa wa asiri. Haka ma matar da mijinta ya mutu a hari, wani ejan ya yi mata fasfo da biza ya kai ta Saudiyya aikatau, aka karɓe fasfon a filin jirgi, ta yi shekara biyu ba ta ga ƙofar gida ba: wannan arziki ne ya kira ta, ga ta kusa da Ɗaki. Yaron da aka loda a bayan babbar mota daga Nasarawar Burkullu zuwa wani gari da uban bai taɓa gani ba, yana bara da safe yana yi wa wani noma da rana, shi kuma neman ilimi ya je. A wannan fannin ba ma bukatar taimakon Turawa, mun iya sa wa abu sunan da zai hana doka ganinsa.

Shugabanninmu kuma an sha yi musu ƙazafin cewa ba su damu da wanda fatauci ya shafa ba. Ƙarya ce, 2023 ta wanke su. Sanata Ike Ekweremadu shi ne mataimakin shugaban Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2019, wato yana kan kujerar lokacin da aka zartar da dokar 2015, wadda ta haramta safarar mutum don cire sassan jikinsa. A Maris na 2023 wata kotu a Landan ta same shi da matarsa da wani likita da laifin kai wani saurayi mai talla a titunan Legas zuwa Ingila don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsu mara lafiya. Saurayin ne ya tsere ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. A Mayu aka yanke wa sanatan shekara 9 da wata 8. Tsakanin hukuncin nan biyu, ƙasa ta tashi tsaye. Majalisar Dattawa ta nemi sassauci, Majalisar Wakilai ta nema, majalisar ECOWAS ta nema, Obasanjo da ya sa hannu a dokar 2003 ya zauna ya rubuta wa kotun wasiƙa da kansa. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗa ya san abin da ke sa uba ya rasa hankalinsa, ban ce kada a tausaya masa ba. Abin da na ce shi ne an tabbatar manyanmu sun iya rubuta wasiƙa cikin gaggawa in fatauci ya taɓa wani nasu. Masallatan Zugu su yi haƙuri, layi ne, za a zo kansu.

Masu gajen haƙuri su tuna cewa irin wannan aiki ba a yi masa garaje. Gwamna Lugga ya yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilu na 1901 ɗa ne, ya buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, amma bai so ya ɓata wa sarakuna da masu gandu rai ba, sai aka bar bawa ya fanshi kansa da guminsa ta hanyar murgu. Sai 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Shekara 35 aka ɗauka. Yarjejeniyar Palermo kuwa ba ta kai haka ba tukuna, kuma tsarin da Turawan mulki suka yarda da shi na mutum ya biya don a bar shi ya noma gonarsa, ga shi ya dawo ƙauyukanmu ba tare da an kashe ko kwabo na tallafi ba.

Nijeriya na da babban shirin ƙasa na yaƙi da fataucin mutane mai wa'adin 2022 zuwa 2026, an buga shi da takarda mai sheƙi, an ƙaddamar da shi a Abuja. In wa'adin ya cika za a kafa kwamitin rubuta sabo, da masana daga Vienna da Geneva. Roƙonmu guda ne, kuma ba kuɗi muke nema ba. A yi zaman farko na kwamitin a garin Zugu. A taso daga Gusau da mota, a bi ta Mayanci da Anka, ba jiniya ba rakiyar soja, kowane ɗan kwamiti ya riƙo kwafin dokar 2015 a hannunsa don ya nuna wa duk wanda ya tare hanya. Masauki da tuwo a wuyanmu. Kuɗin fansa kuwa kowa ya bar wa iyalinsa wasiyyar inda za su samo.